Kara Uku A Filin Getso

Kwandastan motar da muka shiga a Kabuga shi ya fara tambaya. Ya karɓi katakon da ke hannun abokinmu, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Samari, wannan muciyar ta tuwon gidan biki ce?" Mota ta ɗauki dariya. Muka ce masa sandar wasan kurket ce. Ya ce shi dai bai san ta ba, amma muddin za ta ci wurin zama sai an biya mata.

Mu uku ne, ɗakinmu ɗaya a Jami'ar Bayero. Ɗayanmu ɗan Getso ne, ya shekara yana yi mana alkawarin fura da rake. Na biyu a Kaduna ya tashi, can ya koyi kurket a sakandare, kuma ko ina za shi da sandar nan yake tafiya. Na ukun aikinsa riƙe biro. Ranar Asabar 18 ga Janairun 2025 muka ce yau dai sai an cika alkawari.

Titin Gwarzo kullum muna tsallaka shi in za mu shiga makaranta, amma mu biyun baƙi ba mu taɓa bin sa ya wuce Janguza ba. Daga Rimin Gado sai gari ya buɗe. Hazo ya sauko har ƙasa, gonaki duk an girbe, an ɗaure karan dawa an jingina a gindin itatuwa, shanu na bin abin da ya saura. Kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, gawo kuwa shi a lokacin ya yi kore shar. Ɗan Kaduna ya tambayi dalili, wani dattijo a kujerar baya ya ce masa haka Allah ya yi gawo, da damina yake kaɗewa, da rani ya tofo. Muka sauka a Gwarzo, muka hau babura zuwa Getso, muka isa fuska duk ta yi furu-furu.

Inna, mahaifiyar abokinmu, tun daga soro ta jiyo muryarsa. "Maraba da 'yan boko. Ya hanya? Ya sanyi?" Kafin mu gama gaisawa an ajiye mana ƙwarya. Furar nan ba mu da abin cewa a kanta sai dai alkawari ya cika.

Bayan la'asar muka fita filin da yara ke ƙwallo. Ɗan Kaduna ya zaro kara uku daga wani dami, ya kafa su a jere. Ya ce wa yaran, wannan su ne gida. Mutum ɗaya zai jefo ƙwallo yana neman ya kayar da su, mai sanda zai tsaya a gabansu yana karewa. In ya buga ƙwallon ta yi nisa sai ya ruga zuwa ɗaya gefen, kowane zuwa maki ɗaya ne. In aka cafe ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko aka kayar da kara, ya fita. Minti biyar ba a yi ba yaran sun gane, har sun fara musun wa ya fita wa bai fita ba. Ƙanwar abokinmu, 'yar shekara goma sha ɗaya, ta biyo ta wurin daga Islamiyya, ta ajiye jaka ta ce ita ma sai ta gwada. Jifa na farko ta kuskure. Na biyu ta ɗauke ƙwallon sai bayan katangar wani gida, aka tura yaro ya yi sallama ya karɓo.

Muna cikin haka wani tsoho ya tsayar da kekensa. "Kai! Kurket a Getso?" Tsohon hedimasta ne, kowa Malam yake ce masa. Ya karɓi sandar, ya gyara tsayuwa, ya ɗan ranƙwafa, gwiwar hannu a sama. Ɗan Kaduna ya ce, "Baba, ashe kai gwani ne." Ya ce a makarantar kwana ya koya a Zariya, tun yana yaro, kuma ya fi shekara arba'in bai riƙe ta ba.

Ashe wasan ba baƙo ba ne a ƙasar nan kamar yadda muka ɗauka. Tun 1904 aka buga shi tsakanin Legas da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A Arewa, Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta koma Barewa, ta koya wa ɗalibanta kurket da fayif, kuma Sardauna Ahmadu Bello na cikin waɗanda suka buga su a can. Daga baya ƙwallon ƙafa ta cinye filayen makarantu. Nijeriya ba ta zama mamba da sunanta a Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ba sai a 2002.

Ranar Lahadi muka je wani ƙauye a bayan gari gaida kakar abokinmu. A can muka tarar da abin da ya sa muke wannan rubutu. Ɗan kawunsa da 'yan ƙungiyarsu suna atisaye a wata gona da aka share, sanye da sababbin riguna iri ɗaya. Da kuɗin ƙodagon girbi suka haɗa suka saye su, saboda wata gasa da samarin yankin ke shiryawa duk rani. Sati biyu kafin a fara aka aiko musu cewa an rage yawan ƙungiyoyi, bana ban da su. Bara kuwa su ne suka fitar da ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin a zagayen farko.

"Yaya, laifinmu shi ne mun ci," in ji yaron. Ya ce ko wasan neman gurbi a ba su, in an doke su sun haƙura. Ba a ba su ba.

Da daddare a teburin mai shayi muka ci karo da ɗaya daga cikin masu shirya gasar. Mutum ne mai fara'a, bai ɓoye komai ba. Ya ce bara da aka fitar da babbar ƙungiyar, magoya bayanta suka daina zuwa, kuɗin ƙofa ya faɗi, har alƙalan wasa sai daga aljihunsu suka biya. Ya ce, "Ku 'yan jami'a kuna maganar adalci. Ni ina maganar wa zai sayi ƙwallo."

Ɗan Kaduna ya ajiye kofi ya yi ta dariya, har mutumin ya fara jin haushi. Ya ce, "Yallaɓai, ba kai nake wa ba. Wallahi maganarka ce manyan kurket na duniya suka yi, sai dai su da dala suke lissafi."

Ga yadda abin ya faru. A gasar cin kofin duniya ta 2007 ƙasashe 16 ne suka shiga. A rana ɗaya, 17 ga Maris, Bangaladesh ta doke Indiya, Ailan kuma ta doke Pakistan, duka manyan biyu suka koma gida tun a zagayen rukuni. Indiya kuwa ita ce kasuwar kurket, masu kallonta su ke kawo kuɗin talabijin da na talla. A 2011 aka rage zuwa 14. A wannan gasar Ailan ta doke Ingila, ɗan wasanta Kevin O'Brien ya ci maki ɗari a jifa 50 kacal. Wata ɗaya bayan haka ICC ta sanar da cewa gasar 2015 ta cikakkun mambobi goma ce kawai, babu ko wasan neman gurbi. Aka yi ca a kanta, ta janye. Amma a 2019 ta cika burinta: ƙasashe goma, kowa ya kara da kowa, wato an tabbatar Indiya za ta buga wasa tara ko da ana doke ta. Shi ne karon farko da babu ƙaramar mamba ko ɗaya a gasar. A 2023 ma goma ne. Ita kuwa FIFA a daidai lokacin tana shirin ƙara nata daga 32 zuwa 48.

Mai shirya gasar ya ce to ai ga shi, har Turawa sun yarda da shi. Kuma in za a faɗi gaskiya, hujjarsa ba fanko ba ce. Wasan da an san wanda zai ci tun kafin a fara ba ya daɗin kallo. Yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 da suka je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020 sun sha kashi sosai a rukuninsu, sai Japan suka samu suka doke a ƙarshe. Amma mu abin da muka kasa haɗiyewa shi ne, ta yaya ƙarami zai iya in ba a bar shi ya kara da babba ba? Kenya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2003. Bayan haka ba ta riƙa samun wasanni da manya yadda ya kamata ba, rikicin cikin gida ya ƙaru a kai, yau sai tarihi. Afganistan da aka buɗe wa ƙofa, aka ba ta cikakken matsayi tare da Ailan a 2017, ta je gasar 2023 ta doke Ingila da Pakistan da Siri Lanka. Rabon kuɗin ma haka yake. A tsarin 2024 zuwa 2027 Indiya ita kaɗai tana ɗaukar kusan kashi 38 cikin ɗari na kuɗin ICC, ƙananan mambobi fiye da 90, har da mu, suna raba kusan kashi 11. An ce a 2027 za a koma ƙasashe 14, a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya. Biyun farko sun samu gurbi saboda su ne masu masauki. Namibiya, da yake ba cikakkiyar mamba ba ce, sai ta bi layin neman gurbi kafin ta buga a gidanta.

Abokinmu ɗan Getso, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya tambayi mutumin ko za a iya ba ƙananan ƙungiyoyin wasa ɗaya tsakaninsu, wanda ya ci ya shiga. Ya ce zai kai maganar gaban sauran. Bai yi alkawari ba, mu ma ba mu matsa ba, don shi ya biya kuɗin shayin.

Da asubar Litinin, 20 ga wata, muna ƙudundune cikin bargo sai ɗan Kaduna ya yi wani ihu har Inna ta leƙo tana tambaya ko kunama ce. Waya ce a hannunsa. A Malesiya, a gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 19, Nijeriya ta doke Niyu Zilan. Ruwan sama ya sa an taƙaita wasan, 'yan matanmu suka ci 65, Niyu Zilan ta tsaya a 63. Zuwansu na farko ke nan, kuma ƙasar da suka doke tana cikin manyan kurket tun kafin a haifi iyayenmu. Gasar ta ƙasashe 16 ce. Bayan mun dawo makaranta muka ji sun ƙara da Ailan.

Ƙanwar abokinmu ta karɓi wayar ta daɗe tana kallon hoton, tana ƙara girmansa da yatsa. Ta ce, "Yaya, waɗannan ai ba su fi Anti girma ba." Daga nan ta tafi ɗebo ruwa.

Muka shirya da hantsi. Malam ya aiko mana da rake guda uku, ɗan kawun abokinmu kuma ya zo a keke daga ƙauye don kawai ya ji abin da mai shirya gasar ya ce. Muka gaya masa yadda aka yi, ba ƙari. Ya gyaɗa kai, ya ce za su ci gaba da atisaye.

A soro ɗan Kaduna ya tsaya yana jujjuya sandarsa, sandar da ko mu ba ya bari mu taɓa. Sai ya miƙa wa yarinyar tare da ƙwallon, ya ce aro ne, zai zo ya karɓa da hutun ƙarshen zango. Inna ta dube shi, ta dubi randunan da ke tsakar gida.

"To, ku bar mata," in ji ta. "Amma duk randar da ta fashe, ku ukun nan za ku biya."