Alamar da Shinkafa Ke Gane Maƙiyinta da Ita

Shinkafa ba ta da jini, balle dakarun da ke sintiri cikinsa suna farautar cuta. Kowace ƙwayar halittarta ita ke gadin kanta. A fatar ƙwayar akwai wasu furotin da kansu ke waje, gindinsu na ciki, kowanne yana dakon alama guda ta maƙiyi.

Fitacce cikinsu shi ne XA21, wanda aka samo daga wata shinkafar daji ta ƙasar Mali, wadda manomi ke ɗauka ciyawa ce kawai. A 1995 Pamela Ronald da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya suka ware ƙwayar gadon da ke samar da shi. Yana kare shinkafa daga bakteriyar Xanthomonas mai busar da ganye.

To, me yake gani a jikin bakteriyar? A 2009 suka ba da amsa, a 2013 suka janye ta da kansu, domin sun tarar an cakuɗa samfuran gwaji. Ba kowa ke iya wannan ba. Amsar gaskiya ta zo a 2015: ƙaramin furotin ne, RaxX, wanda bakteriyar ke fitarwa, kuma ya yi kama da sinadarin girma na shuka. Amma sai an liƙa masa ɗigon sulfet a gurbi ɗaya tak sannan XA21 ke cafke shi, ya aika saƙo ciki a ɗaura ɗamara. In babu ɗigon, bakteriyar wucewa take yi salin alin. Tuni an samu wasu irinta da suka sauya fasalin RaxX, XA21 ba ya ganinsu.