Ƙasar Kurfai: kare, mussa da kuɗin magani

Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, yana cikin jihar Tillaberi, wajen kilomita 180 daga Yamai. Mai zuwa can yakan bi ta Balayara, daga nan hanya ta bi Dallol Boso ta nufi arewa. Ƙasa ce ta hatsi da wake da bisashe. Gaba kaɗan da Filinge akwai Tukunus, inda gwamnati ke kiwon shanun Azawak tun shekarar 1954.

A ƙauyukan Kurfai da rugage, kare ne mai gadin garke, mussa kuma ita ke tsare rumbu daga ɓeraye. Suna aiki dare da rana, amma ba kasafai ake tuna su ba in ana zancen magani. Makiyayi yakan kai shanu da awaki wurin lamba, ya bar kare gida.

Ranar da ciwo ya kama kare farat ɗaya, ko maciji ya sare shi, sai mai shi ya biya kuɗin mota da na magani. Wani lokaci ma sai a Yamai ake samun likitan da ke duba kare da mussa. Don haka mutane da yawa sukan bar dabbar ta mutu.

Amma akwai ciwon da ba a kyalewa, shi ne haukar kare. Yana kama mussa da bisashe da mutane ta hanyar cizo. In alamunsa suka bayyana, ba ya da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin mutum 10, huɗu yara ne. Allurar wanda aka ciza, haɗe da kuɗin tafiya da asarar kwanakin aiki, tana iya cin fiye da jika 50. Lambar kare ɗaya ba ta kai ko kusa da haka ba.

Saboda haka, manomi da makiyayi su tambayi ma'aikatan kiwo na Filinge yadda za a yi ma karnukansu lamba. In kare ko mussa ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Daga nan a kai shi gidan likita ranar nan, kada a jira. A ɗaure dabbar nesa da yara, a kai ma ma'aikatan kiwo labari.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare jama'a da dukiyarsu.