Laƙani Biyu Kacal: Yadda Na Zaɓa Wa Mawaƙina

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wani ɗan abu ne da ya faru a tsakar gidana, wanda ya hana ni barci kusan kwana uku, alhali kuwa wasa ne na takarda da fensir.

Ɗan ƙanwata ne ya dawo daga karatu a ƙasar waje da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Ba caca ba ce, babu ko kwabo a ciki, tatsuniya ce ake yi da baki a taru. Mutum ɗaya shi ne uban wasa, shi ke shimfiɗa labarin, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da jaruminsa zai yi, sai a jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, ita za ta nuna ko an dace ko an sha ƙasa. Littafin dokokin 2014 muke bi, duk da an sake fitar da gyararre a 2024.

Ɗana ya ɗauki mayaƙi mai takobi, 'yata mai shekara 14 ta ɗauki boka, ni kuma yaron ya dube ni yana dariya ya ce, "Kawu, kai ai mawaƙi ya dace da kai." Na karɓa, na raɗa masa suna Ɗanbiyu, na rataya masa gurmi. Abin da ya burge ni shi ne mawaƙin wannan wasa da bakinsa yake yaƙi, yana da laƙanin zambo da ke raunata maƙiyi, yana kuma zuga abokin tafiya har a ƙara masa ƙwaya guda a kan jifarsa. Duk wanda ya taso yana jin Narambaɗa ko Shata ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To, da muka kai mataki na 6 sai uban wasa ya ce wai mawaƙi irin nawa, na makarantar masu tara ilimi, yana da wata gata, zai tsinci laƙani biyu daga jerin kowace sana'a da ke littafin, muddin ba su wuce daraja ta 3 ba. Sauran mawaƙa sai sun kai mataki na 10 suke samun haka, sannan 14 da 18. Biyu kacal, kuma ba zan sake ganin irin wannan dama ba sai a mataki na 10, wanda a yadda muke wasa sati-sati zai ɗauki watanni.

Farkon abin da idona ya faɗa a kai shi ne Curin Wuta, wanda littafin ya kira Fireball. Ka tsaya daga nesa har ƙafa 150, ka cilla shi, ya fashe ya cinye ƙafa 20 ta kowane gefe, ka jefa ƙwaya takwas masu fuska 6 a tara maka ɓarnar. Wallahi har na rubuta shi a takardata. Sai da na kwanta na tuna cewa tun mataki na 5 wannan laƙanin yake hannun 'yata, kuma shi kaɗai ne abin da ke sa ta ɗaga murya a wurin. Yarinya ce mai shiru-shiru, a gida sai ta wuni ba ka ji bakinta ba, amma duk ranar da ta ce "na cilla wuta", sai ka ga ta miƙe a kan gwiwa tana karkaɗa ƙwayoyin nan da hannu biyu. In ni ma na ɗauka, ga zambo ga zuga ga wuta, me ya rage nata? Da asuba na sa abin goge fensir na share.

Na biyu da ya ja ni shi ne laƙanin farfaɗowa. Wanda ya mutu bai wuce minti ɗaya ba, a taɓa shi, a ƙona lu'ulu'u na zinare 300, ya tashi. Ɗana ya dage a kan wannan, domin mayaƙinsa kullum shi ke kan gaba, shi ke fara faɗuwa. Ni kam raina bai kwanta ba. Na san ƙage ne, kamar yadda Gizo ke magana a tatsuniya, amma bakina ya ƙi furta cewa na ta da matacce ko da wasa. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ka ɗauka kamar danna ƙirji ne da likita ke yi." Na ce na ji, amma akwai kuma dalili irin namu na marubuta, mutuwar da ake iya warwarewa da kuɗi ba ta sa mai karatu kuka. Gara in hana yaron faɗuwa tun farko.

Nan na tsinci wani laƙani a jerin barade, na warkarwa, wanda ke kewaye ka da ƙafa 30 na tsawon minti ɗaya, a kowane zagaye ka warkar da mutum guda da ƙwaya biyu. Minti ɗaya zagaye goma ne a wasan, wato ƙwaya 20 ke nan in ba a katse ka ba. Shi barden da kansa ba ya samun wannan sai mataki na 9, ga shi mai gurmi zai riga shi da mataki uku. Na haɗa da Makari, wato Counterspell, wanda ke kashe laƙanin wani tun yana bakinsa, in yana cikin ƙafa 60 kuma kana ganinsa. Dukkansu biyu ba sa kashe ko ƙuda, ɗana har ya ce Baba ya yi zaɓen tumun dare.

Sati biyu bayan nan muka shiga kogon wani matsafi da dakarunsa. Mayaƙinmu ya ji jiki, ina ta ɗinke shi. 'Yata ta ce ta cilla wuta, sai uban wasa ya yi murmushin mugunta ya ce matsafin ya ɗaga hannu ya karya laƙanin. Na ga kafaɗunta sun sauka, ta fara mayar da ƙwayoyin cikin gwangwani. Na ce tsaya, Ɗanbiyu ya kaɗa gurmi ya karya makarin matsafin. Yaron ya buɗe littafi ya duba, ya ce doka ta yarda, tunda daraja ɗaya suke ko jifa ba sai na yi ba. Wutar ta wuce, ta jefa ƙwaya takwas, dakarun nan suka zube. Ihun da ta yi sai da mahaifiyarta ta leƙo daga kicin, hannunta duk kullu. Da aka tashi labarin wutar ake ta yi, babu wanda ya ambaci mai gurmi, ni kuwa na kwanta da farin ciki.

Abin da ya dame ni daga baya shi ne littattafanmu. Ni da kaina na sha rubuta jarumi kyakkyawa, mai kuɗi, mai ilimi, mai faɗa, mai addini, komai nasa ne, sauran mutanen labarin sai dai su tsaya suna yaba shi. Wannan wasa ya ce mini biyu za ka ɗauka, sauran ka bar wa na kusa da kai, kuma sai a abin da na bari na gane ko wane ne Ɗanbiyu. Jarumin littafin da nake rubutawa yanzu na koma babi na farko na ƙwace masa dukiyar da na ba shi, na miƙa wa ƙanwarsa, labarin da ya tsaya mini wata biyu sai ga shi yana tafiya.

Mataki na 10 na nan tafe, yarinyar har ta fara ba ni shawarar abin da zan ɗauka. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.

Naku har kullum.