Darussan Zama a Samaru, Maƙwabciyar Jami'a

A yawancin garuruwanmu, damina da rani da azumi da sallah su ne ke tsara shekara. A Samaru ta Zariya akwai wani lissafin da ya fi waɗannan taɓa aljihu: yaushe ɗalibai za su dawo, yaushe za su tafi. Mai shayi ya san makon da za a fara jarrabawa, domin a makon ne ake kai wa tsakar dare a teburinsa. Ɗan acaba ya san ranar da za a rufe makaranta, domin ranar zai yini yana jigilar akwatuna zuwa bakin titi. Ni ba malamin jami'a ba ne, ba kuma ɗalibi ba. Magidanci ne da ya daɗe yana zaman haya da iyalinsa a Hayin Dogo, kuma abin da zan faɗa, daga tsallaken titin jami'a, ɓangaren gari, na gan shi.

Tun asali ilimi ne ya raya Samaru. A 1922 Turawan mulki suka kafa tashar binciken aikin gona a nan, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yau. A ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunan Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Ma'aikata da leburori da 'yan kasuwa suka biyo baya, gari ya yi ta faɗaɗa har ya haɗe da Hayin Dogo da Ɗanraka, ya miƙa wajen Bomo ta nan, Palladan da Zango ta can. Titin da ya fito daga Kwangila ya nufi Funtuwa shi ne ya raba babbar harabar jami'a da gari.

Darasi na farko, yajin aiki ne ya koya mana shi. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki daga Maris har Disamba, ga kullen korona a kai. A 2022 aka sake, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Jaridu sun yi ta maganar ɗalibai da ke zaune a gida, amma ba a cika tunawa da waɗanda ɗaliban suka tafi suka bari ba. Akwai wata maƙwabciyarmu mai tuwo-tuwo da ke girka babbar tukunyar shinkafa da wake kullum, kafin la'asar ta kankare ƙanzo. A watannin nan ta kife babbar tukunyar a bayan ɗaki, ta koma ƙarama, ita ma sai a yi magariba da saura. Masu shagunan kwafin takardu da buga kundin kammala karatu suka lulluɓe injinansu da zannuwa saboda ƙura. Waɗanda suka ɗan sha da sauƙi su ne masu 'yar gona a Bomo ko Basawa, da masu kantin da ba su taɓa wulaƙanta 'yan gari don ganin ɗalibai ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo neman shawarata kan buɗe shago a Samaru, tambaya ɗaya nake masa: idan aka rufe makaranta gobe, wa zai saya?

Darasi na biyu ya shafi muhalli. Ɗakunan kwanan da ke cikin jami'a, irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Akenzua da Danfodio, ba sa ɗauke dukkan ɗalibai, don haka ragowar sai su tsallako gari. Lissafin mai gida a nan ba shi da wuyar ganewa. Ɗalibai kan haɗa kuɗi su biya na shekara a dunƙule, magidanci kuwa yakan kawo rabi ya nemi a ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata. Da haka gidajen iyali suka riƙa komawa jerin ɗakuna. A fasa zaure a yi shago, a cike tsakar gida da gini, wurin da yara ke wasa da inda mata ke shanya ya tafi. Rijiya ɗaya da aka haƙa don gida guda sai ta koma shayar da mutanen da suka ninka na da, kafin Afrilu guga na kankarar laka, sai sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

Wani mai gida da na zauna a gidansa ya taɓa samuna bayan sallar isha'i, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya ce, "Malam, wallahi ba korarka nake yi ba. Yaran nan ne suka zo da kuɗinsu a hannu, ni kuma ga aurar da 'ya a gabana." Na ce, "Alhaji, gidanka ne, Allah Ya sanya alheri." Ban ga laifinsa ba, kowa da nauyin da ke kansa. Amma na fita da fahimta biyu. Ga ɗan haya, komai kyan mutunci tsakaninka da mai gida, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a faɗi wa'adin sanarwa kafin ƙari ko tashi. Ga masu gidaje kuma, lokacin dogon yajin aiki ɗakunan ɗalibai sun zauna a kulle, wa'adin haya ya cika babu mai sabuntawa, ana ta rigima ta waya kan watannin da ba a zauna ba. Magidancin da ake ganin yana jan ƙafa wajen biya shi ne ya ci gaba da kawowa, shi ne kuma ya lura da gidan da damina.

Darasi na uku, zama da baƙi. Jami'ar Ahmadu Bello na ɗibar ɗalibai daga kowace kusurwa ta Najeriya, har da ƙasashen maƙwabta. A layi ɗaya za ka ji Hausa da Yarabanci da Ibo da Tibi da Nufanci, ga masallaci ga coci. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Kiɗa da dare, ƙarar janareta a ƙarƙashin tagar mai jego, shigar da ba mu saba gani a unguwa ba, baƙi maza da mata suna shiga suna fita, shara a cikin kwata: duk an yi ta samun saɓani a kansu. Abin da na lura shi ne, yawancin yaran nan ba raini ne ke sa su ba. Wannan ne karon farko da suka bar gaban iyayensu, kuma babu wanda ya zaunar da su ya gaya musu yadda ake zama a nan. Duk rigimar da na ga ta yi muni, an fara ta ne da tara matasa a ƙofar gida. Wadda ta mutu cikin ruwan sanyi kuwa, mutum ɗaya ne ya je ya yi sallama ya faɗi damuwarsa. In ba a ji ba a sami mai gidan, in ta ƙi a je wa mai unguwa.

Wata dattijuwa a layinmu ta fi mu iya wannan. Wata ɗaliba 'yar Kudu ta saba zuba ruwan wanki a hanyar da mutane ke bi zuwa masallaci. Tsohuwar ta aika mata da kwanon ɗanwake, washegari ta kira ta. "'Yata, zo nan. Kin ga hanyar nan? Da alwala ake bin ta. Ga rami can baya, zuba a can." Yarinyar ta rusuna ta ce, "Yi haƙuri Mama, ban sani ba," da 'yar Hausarta da ba ta nuna ba. Har ta gama karatu ita ke karanta wa tsohuwar takardar magani, tana tuna mata lokacin sha.

Darasi na huɗu shi ne ya fi damuna. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma a Samaru na ga ana iya shekara da shekaru kusa da ilimi ba tare da ya taɓa mutum ba. Akwai yaran unguwa da suka san sunan kowace tsangaya, sun san inda Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim yake, domin kullum suna ciki suna tallar ruwa ko dakon kaya. Ka tambayi ɗayansu me zai karanta idan ya girma, sai ya yi dariya, kamar ka ce masa zai tuƙa jirgin da ke tashi daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Palladan. A ransa, jami'a wurin neman kuɗi ne a hannun 'ya'yan wasu. Mu manya mu ne muka nuna masa haka, domin hirarmu game da jami'a ba ta wuce kuɗin haya da ciniki.

Alhali abin amfani na nan birjik. Irin masara mai suna SAMMAZ, da wake SAMPEA, da gyaɗa SAMNUT, da dawa SAMSORG, waɗanda manoma ke nema daga jihohi masu nisa, a Samaru aka samar da su, sunan garin ne ma a farkon sunayensu. Duk da haka za ka sami mai gona a bayan gari yana shuka abin da ya rage a rumbu, bai taɓa taka ƙafa ya tambaya ba. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi, amma akuya na ciwo sai a nemi jiƙe-jiƙe. Kuma a kowane layi akwai matasa masu karanta lissafi da kimiyya da shari'a da likitanci, suna kwana katanga ɗaya da yaran da lissafi ke kayarwa a jarrabawar WAEC da JAMB.

A layinmu mun gwada wani abu mai sauƙi. Muka roƙi wasu ɗalibai da ke ɗibar ruwa a rijiyar gidanmu su riƙa zama da yara bayan la'asar ranakun Asabar da Lahadi. Ba mu da kuɗin biyansu, sai dai tuwon dare da ruwa kyauta, suka kuwa amsa da murna. Ba duka yaran suka ɗore ba, kuma idan jarrabawar ɗaliban ta matso darasi kan tsaya. Amma yaro ya zauna tabarma ɗaya da ɗan jami'a, ya ji cewa shi ma daga ƙauye ya fito, ubansa manomi ne, makarantar gwamnati ya yi. Wannan kaɗai ya canja irin tambayoyin da yaran ke yi. Suka fara tambayar maki nawa ake nema, wane darasi ake haɗawa da wane.

Don haka shawarata ga duk mai zaune a irin wannan unguwa, a Samaru ne ko kusa da Jami'ar Bayero a Kano ko ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato: ka karɓi kuɗin hayarka, ka yi cinikinka, halal ne. Amma ɗalibin da ke ɗakin gefe shekara huɗu ko biyar zai yi ya tafi, wani ya maye gurbinsa. Kafin ya tafi, ka san sunansa da abin da yake karantawa, ka haɗa shi da ɗanka, ka kuma riƙe shi yadda kake so a riƙe naka ranar da zai je karatu garin da ba shi da kowa.