Bindigar Baba da Bayan Hannun Hajiya

A gidanmu da ke Hausa Zango, nan Tamale, akwai wata 'yar na'ura da yara ke kira bindigar Baba. Kowa ya san irinta: farar robar nan mai kunama, wadda aka riƙa auna mana a goshi lokacin korona. Na saye ta ne da kuɗina, sidi 400, sa'ad da aka sake buɗe masallatai ranar Juma'a 5 ga Yuni, 2020, bayan an yi kusan wata uku a rufe. An ce kada mu wuce mutum 100 a ciki. Ni ne nake tsayawa a ƙofa, kusa da bokitin wanke hannu, ina auna masallata ɗaya bayan ɗaya.

Ba kowa ne yake yarda ba. Wani dattijo in ya hango ni sai ya kau da kai ya miƙo hannu, ya ce, "Alhaji, ga nan, kar ka harba min a ƙwaƙwalwa." Jita-jitar da ta bazu a WhatsApp ke nan, wai tana harba wani haske da ke lalata kai. Ɗana na biyu, wanda ya yi karatun boko, shi ya warware min. Ya ce, "Baba, ba ta harbi, karɓa take yi." Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, irin hucin da kake ji idan ka wuce kusa da bango bayan magariba ba tare da ka taɓa shi ba. Ya ce wani masani a Ingila, William Herschel, shi ya gano wannan haske tun 1800. Na'urar tana kama shi ne ta mai da shi lamba.

Da aka buɗe iyakokin ƙasa a ƙarshen Maris 2022, aka kuma daina tilasta sa takunkumi, sai aikinta ya ƙare a masallaci, ta dawo gida. Ni kuwa ba na son ganin abin da na sa wa kuɗi yana zaman banza. Ɗana ya nuna min wani maɓalli a gefe. Idan ka danna, sai ta bar auna jikin mutum ta koma auna kaya, daga digiri 0 har zuwa 100. Daga ranar babu abin da ya tsira a gidan nan.

Wanda ya san Tamale a watan Afrilu ya san abin da ake kira zafi, ga shi azumin shekarar a cikinsa ya faɗo. Na fara da shagon ajiyata. Goro nake sayarwa a kasuwar Aboabo, sana'ar da na gada daga mahaifina, shi kuma daga nasa mahaifin da ya yi fatauci tsakanin Kano da Salaga. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Da la'asar na auna bangon yamma, inda na daɗe ina jingina huhuna, na ga 44. Na auna bangon da ke jikin zaure, na ga 35. Shekara da shekaru ina zargin masu kawo min kaya daga kudu idan goro ya yanƙwane, ashe bangona yana da hannu a ciki. Washegari na sa yara suka kwashe kayan suka mai da su ɗaya gefen, muka sauya ganyen fita.

Na auna randar Hajiya, 27. Na auna jikin baƙin tankin roba da ke tsakar gida, 46. Hajiya ta ce, "Sai yau ka san ruwan randa ya fi sanyi?" Na auna soket ɗin da muka jona wa firji da fanka da dutsen guga gaba ɗaya, na ga 68. Nan dariya ta tsaya. Mai gyaran wuta ya zo ya buɗe, ya nuna min robar wayar ta fara narkewa, ya ce wayar ta yi siriri da wannan lodin. A bayan wannan soket ɗin jikokina suke kwana. Tun daga ranar na ɗauki na'urar nan tamkar ba ta kuskure.

Alhali ta taɓa nuna min iyakarta, ban kula ba. Wata rana na auna gefen sabuwar tukunyar alminiyam, ruwa na tafasa a ciki, ta ce 41. Na auna tsohuwar tukunya mai baƙin gindi da ke kusa, ta ce 97. Ɗana ya ce abu mai sheƙi yana ruɗa ta, domin kamar madubi yake, zafin abin da ke kewaye da shi yake maido mata. Haka ma huhun goro, ganyen waje take karantawa. In kana son sanin halin da ciki yake, sai ka kwance ka zura hannu yadda mahaifina yake yi. Na ji, na yi dariya, na wuce.

A goman ƙarshe na azumin, wata 'yar jikata mai shekara biyu da rabi ta wuni ba ta da walwala. Amarya nake ce mata, Hajiya kuma ta ce mata kishiya. Ubanta yana Kumasi wajen sayen kaya. Bayan an sha ruwa Hajiya ta ɗauke ta, ta sa bayan hannunta a wuyanta da cikinta, ta ce, "Alhaji, jikin yarinyar nan da zafi."

Na ce a kawo bindiga. Na auna goshinta, 36.4. Na sake, 36.5. Na juya gilashin na nuna wa Hajiya, na ce, "Ga shi nan, lafiyarta lau. Sai ya kai 38 ake cewa zazzaɓi. Zafin gari ne."

Ta ce, "Ni dai hannuna bai gaya min haka ba."

Na ce, "Hannunki da kika wuni da shi a gindin murhu?"

Uwar yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa. Suruka ce, ba za ta yi musu da ni ba. Ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Wannan sunkuyar da kan har yau yana damuna. Na ɗauki tasbahana na tafi tahajjud.

Wajen ƙarfe biyu na dare wani yaro ya shigo masallaci ya taɓa ni, ya ce ana nemana a gida. Na tarar Hajiya ta riga ta taso maƙwabcinmu mai yalo-yalo, yarinya na kafaɗarta tana jijjiga, idanu sun kafe. Ba ta ce min komai ba, matsawa kawai ta yi na zauna. Ban taɓa sanin titin asibiti yana da tsawo haka ba.

Nas ɗin da ta karɓe mu ta sa ma'auni a hammatar yarinya, 39.7. Likita ya lanƙwasa wuyanta yana duba sanƙarau, domin lokacinsa ne a arewacin Gana, zuciyata kuwa kamar ta faɗo. Wuya bai sanƙare ba. Aka soki yatsa, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, kuma ya yi ƙarfi. Aka sa mata ƙarin ruwa da allurai. Kwana uku muka yi.

Da gari ya waye na fito da na'urar daga aljihu na nuna wa nas ɗin, ina so in ɗora mata laifi. Na ce, "'Yata, dubi abin da ya yaudare ni." Ta karɓa, ta danna, ta dubi gilashin, ta ce, "Baba, ai ba a kan jikin mutum take ba, a kan kaya take." Ta nuna min wata 'yar kalma da Turanci a saman lambobin, wadda ban taɓa tsayawa na duba ba. Da rana na auna bangon shago, ban mai da ita ba.

Ta yi min bayani. Fatar goshi ba ta kai cikin jiki zafi ba, takan gaza da digiri biyu ko uku. Idan na'urar tana kan jikin mutum, ita da kanta take cike wannan giɓin ta ba ka lissafin zafin ciki. Idan tana kan kaya, zafin fatar kawai take faɗa maka. Wato 36.4 ɗin da na gani, da na iya karatunsa, shi kansa shaida ne cewa yarinya na ƙuna. Na'ura ba ta yi ƙarya ba. Ta amsa tambayar da na yi mata ne, ni ne ban san abin da na tambaya ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

'Yan'uwana fatake, da yawanmu muna da irin wannan na'ura a cikin durowa tun zamanin korona. Ban ce ku jefar ba, tana da amfani, ita ta tsare min gidana daga gobara. Amma ga abin da na koya da tsada. Kafin ka auna mutum, duba ko a kan jiki take. Goshi ya zama a bushe, domin gumi da iskar fanka da jiƙaƙƙen tsumma duk suna sanyaya fata. Kusantar da ita kamar faɗin yatsu biyu ko uku, kar ka tsaya daga nesa. Idan daga rana ka shigo da ita, ko yaron ne ya shigo daga rana, a dakata kamar minti 20. Ka fara gwada ta a goshin wani mai lafiya ka gani. Ka kuma ajiye ɗan ma'aunin hammata, ba shi da tsada a kantin magani. Jaririn da bai kai wata uku ba, in ya kai 38, asibiti kai tsaye. Yaron da ya ƙi nono ko abinci, ko yake amai ba tsayawa, ko barci ya yi masa nauyi, ko ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, wannan ba a tsaya neman lamba.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne wanda na fi jin kunyar rubutawa. Mu masu tafiye-tafiye muna wata guda ba ma gida, mu dawo da sabon abu a jaka, mu ɗauka mun fi waɗanda muka bari sanin gidan. Hajiya ta goyi 'ya'ya bakwai. Bayan hannunta ya san zafin kowannensu tun kafin a ƙera wannan roba. Da na'ura ta ce lafiya, ita ta ce ba lafiya ba, abin da ya kamace ni shi ne in ɗauki maganar da ta fi tsanani in nufi asibiti. In na je aka ce ba komai, kuɗin yalo-yalo kawai na yi asara.

Ranar da aka sallame mu na ba Hajiya haƙuri a gaban surukata, ita ma na ba ta. Na ce mata daga yau in ta ga abu a jikin ɗanta ta faɗa, ko da ya saɓa wa maganata. Hajiya ta ce, "Allah ya kiyaye gaba," ba ta ƙara ba.

Amarya yanzu tana zuwa makarantar allo. Wani lokaci takan ɗauko bindigar ta auna min a goshi, ta ce, "Angona, ba ka da lafiya." Sai in ce mata ta je ta kira kishiyarta ta zo ta taɓa ni tukuna.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.