Lamba 17

Masu iya magana sun ce yaba kyauta tukwici. To idan ba a san wanda ya yi kyautar ba fa, wa za a yaba? Tambayar ke nan da wani dattijo daga cikinmu ya jefo mana a taron ƙungiyarmu ta marubuta, ana saura mako guda a kama azumin shekarar 2024. Mun yi dariya a lokacin, mun ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Da mun san abin da ke gaba da mun tsaya mun saurare shi da kunnen basira.

Wata 'yar uwarmu da ta yi karatu a Ingila ita ta kawo shawarar. Ta ce a can, idan Kirsimeti ta gabato, abokan aiki ko 'yan aji ɗaya sukan zuba sunayensu a jefa ƙuri'a, kowa ya ja sunan mutum guda ya saya masa kyauta ba tare da ya bayyana kansa ba. Su Turawan Ingila da Amurka suna kiran abin Sikiret Santa, a Jamus Wichteln, a Brazil kuwa amigo secreto, wato ɓoyayyen aboki. Ta ce me zai hana mu yi namu da Ƙaramar Sallah? Nan take wani ya miƙe ya ce shi ba zai ari al'adar da ba tamu ba. Aka ɗan yi ka-ce-na-ce, har wani malami a cikinmu ya tunatar da shi cewa ba yau aka fara kwaɗaitar da mu yin alheri a ɓoye ba, ba mu kuma buƙatar aron sunan kowa. Aka sa wa abin suna kyautar ɓoye, aka ɗora mana aikin shiryawa, mu uku: sakatare, ma'aji, da mai kula da walwala.

Sai dai mai karatu ya san cewa kyauta a ƙasar Hausa da sunanta take tafiya. Je ka gidan biki ka ga yadda ake zaunar da yarinya da littafi da biro tana rubuta wance ta kawo kaza, wance ta kawo kaza, domin ranar da nata bikin ya zo a mayar mata, sau da yawa har da ƙari. Goron Sallah ma hannu da hannu ake miƙa shi, yaro ya durƙusa ya karɓa ya yi godiya. Tun a 1925 wani masani Bafaranshe, Marcel Mauss, ya yi rubutu kan cewa a al'ummomi da dama kyauta tana ɗauke da wajibai uku, bayarwa da karɓa da ramawa. Iyayenmu mata ba su karanta shi ba, amma da za a zaunar da shi a gabansu da sun ƙara masa karatu. Abin da ya sa muka karɓi shawarar hannu biyu-biyu shi ne wannan wajibi na uku. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 muka lura ziyarar Sallah ta ragu a tsakaninmu. Wanda a da yakan zagaya gidaje biyar da ledar alewa ya daina fitowa, ba don zumunci ya mutu ba, sai don kada a ba shi abin da ba zai iya ramawa ba. Muka ga cewa idan aka cire suna daga jikin kyauta, an cire bashin da ke biye da ita.

Muka kafa ƙa'idoji kaɗan. Kada kyauta ta wuce ta naira 5,000. Ta kasance littafi ko wani abu da ya shafi rubutu. A haɗa da 'yar gajeriyar wasiƙa ba sa hannu. Mutum 23 suka ba da sunansu.

Ranar jefa ƙuri'a muka sha kunya. Muka rubuta sunaye a ƙananan takardu, muka naɗe, muka zuba cikin hular ma'aji, kowa ya sa hannu ya ja. Ba a gama buɗewa ba sai wani ya ce, "Ai ni kaina na ja." Aka mayar, aka sake. Karo na biyu wata ce ta ja nata. Karo na uku mutum biyu a lokaci guda. Aka fara zolayar ma'aji cewa hularsa ce ke da aljanu. Wani ya ce a bar mai matsalar ya yi musanya da na kusa da shi, wani ya ce ina sirrin yake, tunda kowa ya ga wanda aka yi musanyar da shi?

Allah ya taimake mu akwai malamin lissafi a cikinmu, mai rubuta gajerun labarai, wanda ba ya cika magana a taro. Ya ce laifin ba na hula ba ne. Ya ce idan mutane suka ja sunaye haka, to cikin kowane karo 100 kusan sau 63 sai an sami wanda ya ja nasa, kuma abin mamaki, da zarar mutane sun haura shida ko bakwai wannan adadi ba ya wani motsi, ko ku 23 ne ko ku 1,000. Ya ce wani masanin lissafi na Faransa mai suna Montmort ya taɓo wannan matsala tun a 1708. Muka yi shiru muna kallonsa, mu da muka gudo adabi don tsoron lissafi, ga shi ya biyo mu har ɗakin taro.

Sa'annan ya koya mana wata dabara, wadda ya ce ya gani ne wurin wata malamar lissafi 'yar Ingila, Hannah Fry. Mun ga ya dace mu bayyana ta dalla-dalla saboda rassan da za su so gwadawa. Ya yanka kati 23, ya rubuta lamba ɗaya sau biyu a kan kowanne, sama da ƙasa, daga 1 zuwa 23. Ya kife su, ya cakuɗa, ya jera su a layi kan tebur. Ya raba kowane kati gida biyu da almakashi ba tare da ya juya shi ba. Daga nan ya matsar da ɓarin sama na kowanne zuwa kan maƙwabcinsa na dama, na ƙarshe ya dawo farkon layi, ya manne kowane biyu. Kowa ya ɗauki ɗaya ya duba a ɓoye. Lambar sama ita ce taka, ta ƙasa ita ce ta wanda za ka yi wa kyauta, kuma tunda ɓari biyun ba daga kati ɗaya suka fito ba, ba yadda za a yi ka ja kanka. Aka liƙa takarda a bango mai lamba 1 zuwa 23, kowa ya rubuta sunansa a gaban lambarsa. Shi ke nan. Kowa ya san wanda zai ba, ba wanda ya san mai ba shi, har mu masu shiryawa. Mun yi alfahari da wannan ƙwarai a daren.

Muka ajiye babban kwali a bayan shagon sakatare, muka huda masa baki, muka ce kowa ya jefa ƙunshinsa cikin goman ƙarshe na azumi, da lambar mai karɓa kawai a jiki. Ba mu ajiye rajista ba, don rajista ita ce maƙiyiyar sirri. Aka yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu, muka taru ranar Lahadi 14 ga wata bayan la'asar.

Ashe marubuci ba ya iya ɓuya. Mun hana sa hannu, amma ba mu hana salo ba. Wasiƙar farko da aka karanta, tun layi na biyu aka gane ta ɗan uwanmu Basakkwace ce, domin duk ƙoƙarinsa na rubuta daidaitacciyar Hausa sai da harshen gida ya leƙo. Sha'irin cikinmu ya kasa yin ko gaisuwa ba amsa-amo. Akwai wanda ba ya iya jimla uku ba tare da "alhali kuwa" ba, ya kuwa zuba ta har sau biyu a rabin shafi. Wani mai hali kuma ya tsallake ƙa'ida ya naɗo shadda yadi biyar, ya ɗora ɗan littafi a kai don fita hakki, kowa ya san aljihun da wannan zai iya fitowa daga ciki. Wanda ya samu shaddar, maimakon murna, sai jikinsa ya yi sanyi, domin shi biro biyu da littafin rubutu ya jefa a kwalin. Dattijon nan namu kuwa ya sami amsar tambayarsa da kansa: ya kira yaron shago da ya ɗauko kwalin ya danƙa masa naira 500, ya ce ai dama tukwici na ɗan aike ne.

Ana cikin wannan raha kwali ya ƙare. Ƙunshi 22 muka fitar. Muka karkata kwalin, muka girgiza. Lamba 17 babu.

Mai lamba 17 wata Hajiya ce daga cikin iyayen ƙungiya, tana cikin matan da suka fara fitar da littattafan soyayya a Kano a farkon shekarun 1990, zamanin da marubuci kan tara kuɗinsa ya kai maɗaba'a da kansa, ya ɗauko ya kai wa 'yan kasuwa. Ta yi murmushi ta ce, "Ku bar shi, 'ya'yana, ni ganinku ma kyauta ce." Amma mun ga yadda ta gyara mayafinta ta sunkuyar da kai, kowa na riƙe da ƙunshinsa ita hannunta wayam. Mun yi tunanin komai ban da ajiye ƙunshi ɗaya na ko-ta-kwana. Ma'aji ya fita da sauri ya sayo turare, sai dai ita da mu duk mun san daga inda ya fito.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Ba mu da rajista, amma muna da zato. Akwai wani matashi da bai fi wata shida da shigowa ƙungiya ba, ya gama karatu bai sami aiki ba, da ƙafa yake zuwa taro daga nesa. Yaron shago ya ce shi dai bai tuna ya gan shi ba. Ba wanda ya kama sunansa a fili, amma idanu sun yi magana. A taron da ya biyo baya wani ya kawo shawarar kowa ya fito da katinsa, a ga wanda ke riƙe da 17 a ƙasa. Dabarar malamin lissafi tana da wannan ƙofa guda, sai dai ba a buɗe ta sai an tona asirin kowa. Ba za mu ɓoye ba, biyu daga cikinmu mu uku mun goyi bayan shawarar. Mun ce adalci ne ga Hajiya.

Dattijon ne ya tsaya kai da fata. Ya ce, "Samari, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Kun ce kun cire suna don kada a kunyata marar hali, yanzu kuma da aka sami marar halin kuna neman sunansa?" Hajiya ta ce idan aka buɗe kati saboda ita, ba za ta sake taka ɗakin ba. Aka bar maganar.

An bar ta a baki, amma ba a bar ta a fuska ba. Matashin yana zaune a bayan ɗaki duk lokacin da ake wannan muhawara, bai ce uffan ba. Da aka tashi ya zo ya gaishe mu kamar kullum, ya miƙa wa sakatare wani labari da ya rubuta da hannu don a duba masa. Mun karɓa da hannu ɗaya, muna magana da wani. Labarin ya yi makonni a cikin jaka ba a buɗe ba. Ya zo taro ɗaya bayan wannan, sa'annan ba mu sake ganinsa ba. Ba mu kuma bi sawunsa ba sai da lokaci ya ƙure.

Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, wadda aka yi ranar 16 ga Yuni, wani mai adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar shagon sakatare ya miƙa wa yaro wani ɗan ƙunshi naɗe da tsohuwar jarida, ya ce an ba shi ne a bakin hanya an biya kuɗin aike. An rubuta 17 a jiki da manyan lambobi, ba wasiƙa. Muka ɗauka muka kai wa Hajiya har gida. Da ta warware sai ga littafinta na farko. Bangon ya yage an ɗinke shi da zare, takardun sun yi ja, a shafin farko ga hatimin wani shagon hayar littattafai da ya dushe, ga sunayen 'yan mata da suka yi ta rubutawa a gefe da biro kala-kala. Ta sha faɗa mana a taro cewa ba ta da ko kwafi ɗaya na wannan littafi, na ƙarshe an ara ba a dawo da shi ba tun kafin ta aurar da 'yarta ta fari. Duk wanda ya kawo shi ya ji wannan magana ya riƙe, kuma Allah kaɗai ya san rumfuna nawa ya shiga a Sabon Gari da Kurmi, ko akwatunan tsofaffin amare nawa aka buɗe masa, kafin ya same shi. Ta riƙe littafin ta daɗe ba ta yi magana ba. Da ta buɗe baki sai ta tambaye mu, "Ina yaron nan da ke zama a baya?"

Mun nemi matashin. Aka ce ya koma wani gari wurin ɗan uwansa yana taya shi tsaron shago. Muka karanta labarinsa a daren, muka aika masa da gyare-gyare da gaisuwa, ya amsa da godiya cikin ladabi, bai ce komai game da littafi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa kuma wani ne daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a taron nan, ko ma cikinmu mu uku. Mun duba fuskokin juna mun gaji.

Hajiya ta sa wani abu a ambulan ta liƙe, ta rubuta a bayansa: tukwicin wanda ya ja 17. Ta ba sakatare ta ce ya ajiye a shago inda hannu zai kai, kada ya tsare kowa da ido. Lokacin da muke wannan rubutu ambulan ɗin yana nan a kan kanta, kusa da ƙofa, an ɗora masa dutse don kada iska ta ɗauke shi.