Kafin Fenti, a Duba Birki

'Yar'uwa, idan maigida ya ce zai gyara tsohuwar motarsa, me kike fara tambaya? Galibi launin fenti da kujeru ne ke gabanmu, alhali 'ya'yanmu ne za su zauna a baya.

Tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma wasu magidanta sun riƙe tsohuwar 504 kamar kayan gado. Maigidana na cikinsu. Da ya sa wa tasa sabon inji, na roƙe shi a sabunta birkin gaba ɗaya, har da robobin da man birki ke bi, domin tsufa da zafi na tsattsaga su.

Dalilina shi ne hanyar Maigatari zuwa Gumel ranar Alhamis, ranar kasuwa, ga manyan motoci ga shanu suna tsallaka titi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, idan aka taka birki, sai ta ci ninki huɗu na nisan da mai gudun 50 za ta ci kafin ta tsaya.

Shi kuma man birki yana jan danshi a hankali, shi ya sa ake so a canza shi duk shekara biyu. In kin ji ƙara, ko mota na fizga gefe guda idan an taka, ki yi wa maigida magana cikin ladabi tun kafin ku ɗau hanya.

Allah Ya kiyaye mana iyalanmu, amin.